BARIKIN KUMASI: INDA AKA SHA YUNWA, YAU ANA YANKAN TIKITI

Duk wanda ya sauka Kumasi ta ƙasar Gana, in ya tambayi 'yan Zango ina tsohon bariki yake, za su nuna masa wani jan gini mai kaurin bango a tsakiyar gari. Turawan Ingila ne suka gina shi a 1897, shekara guda bayan sun kama Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya. Tun farkon shekarun 1950 aka mai da shi gidan tarihin soja. Yanzu 'yan makaranta ke layi su ga motocin sulke da bindigogin da aka kwaso daga hannun Italiyawa a Habasha da Japanawa a Bama.

To, amma abin da ya sa ya kamata mai karatu ya san ginin nan shi ne abin da ya auku a 1900. A watan Maris Gwamna Hodgson ya tara sarakunan Asante, ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, alhali kuwa ko sarkinsu ba ya zama a kanta. Ya taɓo tsuliyar dodo ke nan. Yaa Asantewaa, Magajiyar Ejisu, ta tashi da yaƙi, aka kewaye barikin. A ciki akwai gwamna da matarsa, da mai bishara Ramseyer na Mishan ta Basel, da sojojin da Turawa ke kira Hausa.

Da yawansu ma ba Hausawa ba ne, harshen ne ya haɗa su, waɗansu kuma bayi ne da suka tsere suka sa kaki. Abinci ya ƙare. Masu gudun hijira da suka raɓu a gindin bango suka riƙa mutuwa. Ran 23 ga Yuni gwamna ya fasa ya fice, ya bar Turawa uku da sojoji ɗari da 'yan kai, galibinsu ba sa iya tsayuwa, sai ran 15 ga Yuli Kanar Willcocks ya iso.

Sunayen Hodgson da Willcocks na cikin littattafai. Sojojin kuwa adadi kawai aka ba su, kuma a ganina an ƙware su. Yaa Asantewaa an kai ta tsibirin Seshel, can ta rasu a 1921. Masu zagayawa da baƙi kan nuna wani ɗan ɗaki mai duhu, su ce nan aka tsare ta kafin tafiyar.