Marantz Model 40n Ko NAD C 399: Wace Amfilifaya Ce Ta Dace Da Wuta Da Zafin Birnin Kebbi?

Yawancinmu da waya muka fara sauraron waƙa, daga nan muka sayi ƙaramar sifikar Bluetooth, wasu suka kai ga "home theatre" mai fitilu kala-kala. Akwai wani mataki a sama da wannan, wanda masu son sauti na gaske suke hawa: amfilifaya guda mai ƙarfi da manyan lasifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Yau za mu duba guda biyu da ake yawan haɗa su gasa, Marantz Model 40n da NAD C 399, amma da idon mutumin da zai jona su a Birnin Kebbi ko Argungu. Masu sharhin kayan sauti na Turai ba su san rage wuta ba, ba su san ƙurar hunturu ba, ba su kuma san zafin watan Afrilu ba.

Mece ce wannan amfilifayar?

Sautin da ke fitowa daga waya ko talabijin ba shi da ƙarfin da zai motsa babbar lasifika. Ana buƙatar sashe ɗaya da zai zaɓi inda sautin zai fito ya kuma daidaita ƙararsa, da wani sashen da zai ba shi ƙarfi. Idan aka haɗa sassan biyu a akwati ɗaya, shi ne abin da ake sayarwa da sunan "integrated amplifier". Waɗannan biyun da muke magana a kansu sun ƙara da na'urar da ke mayar da fayil ɗin waƙa zuwa sauti, wato DAC, da kafar HDMI ta jona talabijin don kallon ƙwallo, da Bluetooth.

Kamfanin Marantz tsoho ne, Saul Marantz ya kafa shi a New York ta Amurka a 1953. Model 40n ta fito a 2022 a kan dala 2,499. Tana ba kowace lasifika wat 70, nauyinta ya haura kilo 16, kuma ta zo da tsarin HEOS a cikinta, wanda ke ba ta damar hawa intanet da kanta.

NAD kuwa a Landan aka kafa shi a 1972, yanzu yana hannun kamfanin Lenbrook na Kanada. C 399 ta fito a ƙarshen 2021 a kan dala 1,999, tana ba kowace lasifika wat 180. Hawa intanet sai ka sayi wani kati daban mai suna BluOS-D ka zura mata a baya, wanda ke kai kuɗin kusan daidai da na Marantz.

Idan ka lissafa dala a naira 1,500, kowace cikinsu ta haura naira miliyan uku da rabi idan an haɗa wa NAD katinta, ban da kuɗin jirgi da na kwastan, ban da lasifika. Kuɗin fili ne a wasu unguwanni. Shi ya sa zaɓin yake buƙatar natsuwa.

Wat 70 da wat 180: bambancin bai kai yadda kake zato ba

Wanda ya ga lambobin nan zai ce NAD ta ninka Marantz ƙara sau biyu da rabi. Kunne ba haka yake lissafi ba. Ana auna ƙara da desibel, kuma duk lokacin da ka ninka wat, desibel 3 kawai kake ƙarawa. Daga wat 70 zuwa 180 desibel 4 ne da ɗan kai. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato a ninka wat sau goma.

Ga wani lissafin. Lasifikar da aka rubuta mata desibel 88 tana ba da wannan ƙarar da wat 1 kacal idan kana tsaye mita ɗaya daga gare ta. Wannan ƙarar ta isa maƙwabci ya leƙo ta katanga. A falo matsakaici, yawancin sauraronka ba zai wuce 'yan wat kaɗan ba. Inda wat 180 ke amfani shi ne babban falo, ko lasifika mai wuyar turawa, ko lokacin da ganga ta buga da ƙarfi farat ɗaya, amfilifaya na buƙatar ajiyar ƙarfi don kada sautin ya fashe.

Inda suka rabu da gaske: zafi da wuta

Marantz tana aiki da tsohon tsari da ake kira aji AB. A cikinta akwai babbar taransifoma mai siffar zobe, ita ce ta sa ta yi nauyi. Wannan tsarin, ko a takarda, ba ya iya mayar da fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa sauti, kuma idan ƙarar tana ƙasa, abin da yake mayarwa bai kai ko kusa da haka ba. Sauran wutar zafi take zama.

NAD tana aiki da aji D, da fasahar nCore ta kamfanin Hypex na ƙasar Holan. A nan taransistoci suna kunnawa suna kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, don haka wutar da ke ɓacewa kaɗan ce. Idan tana aiki da ƙarfi, kusan kashi 90 na wutar yana tafiya ga lasifika.

A Birnin Kebbi, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a watannin Maris zuwa Mayu, wannan babban batu ne. Zafi shi ne babban maƙiyin kafasito da ke cikin kowace na'ura, yana busar da su kafin lokacinsu. Amfilifayar da ke dumama kanta, a ɗakin da rufin kwano ya riga ya dumama, a cikin kabad mai gilashi, tana rage wa kanta shekaru. Sannan daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan iska ta kwanta a kan ƙarfen da ke fitar da zafi, ta zama kamar bargo.

Sai maganar wuta. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Sakkwato da Zamfara, kuma ma'aunin Najeriya bolt 230 ne. Duk wanda ya zauna a arewa ya san wuta takan zo ƙasa da haka, fanka na juyawa kamar ba ta so. Na'ura mai taransifoma irin ta Marantz tana bin abin da aka ba ta: wuta ta ragu, ƙarfinta ya ragu. NAD tana amfani da irin tsarin da ke cikin cajar kwamfutarka, mai karɓar bolt 100 zuwa 240 ya daidaita da kansa.

Wannan ya kawo mu kan tarko mafi tsada. Marantz da aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take sha. Idan ɗan'uwa ya aiko maka da ita daga can, ko ka tsince ta cikin kayan gwanjo, ka cusa ta a soket kai tsaye, an gama. Ko wacce ka zaɓa, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da kafar wuta kafin ka biya.

Masu sola su ma su lura. Inbata mai arha da ba ta fitar da tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa "modified sine wave", tana sa taransifoma gurnani da zafi. Babbar taransifoma kuma tana fizgar wuta da yawa a daƙiƙar farko ta kunnawa, abin da kan sa ƙaramar inbata ta ɗauke. Idan batirinka ne zai riƙe fanka da firji da kayan sauti har asuba, aji D ya fi tausayin batir.

Inda Marantz ta fi

Kada a ɗauka an gama hukunci. Ranar da na'ura ta lalace, tambayar ita ce wa zai gyara. Sashen ƙarfi na aji AB tsari ne da tsofaffin masu gyaran rediyo suka sani tun zamanin kaset. Ƙwararre a Kano ko Kasuwar Alaba ta Legas zai iya gano taransistan da ya ƙone ya canza shi. Allon aji D kuwa cike yake da ƙananan kaya manne da juna, galibi sai dai a nemo sabon allo daga waje, ka jira makonni. Kuma wuta mai zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, ko canji daga janareta zuwa NEPA, ba ta jin kunyar kowanne tsari.

Marantz ta kuma zo a shirye. Ka jona ta da Wi-Fi, ka sauke manhajar HEOS, ko ka zura filas mai waƙoƙi a bayanta. A ɓangaren NAD, katin BluOS-D yana zuwa da Dirac Live, manhajar da ke auna ɗakinka da makirufo ta gyara amon ganga. A ɗakunanmu masu tayil da bangon siminti, inda sauti ke dukan bango ya dawo, wannan yana da amfani ƙwarai.

Wayarka da abin da kake saurare

NAD tana karɓar aptX HD, hanyar Bluetooth mai ɗaukar sauti mafi inganci, amma sai wayarka ma tana da shi. iPhone ba ta da aptX, ita AirPlay 2 za ka bi, wanda Marantz ke da shi tun daga kwali. A Android, shiga saitin waya, ka taɓa "Build number" sau bakwai, sannan ka buɗe "Developer options" ka duba irin hanyar Bluetooth da wayar ke amfani da ita.

Ka yi lissafin data ma. Waƙa mai inganci 320 kbps tana cin MB 144 a awa ɗaya. Ingancin faifan CD, idan ba a matse shi ba, ya haura MB 600 a awa.

Abu na ƙarshe a nan: amfilifaya mai kyau ba ta ƙara abin da babu. Tsoffin waƙoƙin Sani Aliyu Ɗandawo ko Mamman Shata da aka kwafa daga kaset, suka yi yawo a WhatsApp, za su fito da duk shuu ɗinsu a fili. Idan kana son ka gwada na'ura a shago, tafi da fayil mai tsabta da ka san shi sosai, mai kalangu ko kotso da murya, ka ji ko kiɗan yana danne mai waƙa.

To wacce za a ɗauka?

Idan da sola da batir kake rayuwa, ko unguwarku ana yawan rage wuta, ko falonka babba ne ba na'urar sanyaya ɗaki, NAD C 399 ta fi dacewa da kai. Idan wutarka tsayayya ce, ɗakin yana da sanyi, kana son abin da ya zo a haɗe kuma wanda ake da begen gyara shi a cikin ƙasa, ɗauki Marantz ta bolt 230.

Ko wacce ce, ware kuɗin sitabilaiza mai kyau da na'urar kariya daga wuta mai ƙarfi tun farko. Bar mata sarari aƙalla tafin hannu a sama da gefe, ka rufe ta da ƙyalle idan tana kashe lokacin hunturu. Idan kuma kuɗin ba zai isa amfilifaya da lasifika masu kyau a tare ba, rage na amfilifaya ka ƙara wa lasifika, domin a nan kunne ya fi jin bambanci.