Makanikancin Ƙasar Rano: Sana'ar da Fijo Ta Raina

Garejin ƙauye bai cika buƙatar gini ba. Inuwar darbejiya ko mangwaro a bakin titi, akwatin ƙarfe mai kwado, jak, tulin sifanu, da ƙasar da baƙin mai ya rine, shi ke nan an buɗe wurin neman abinci. Haka za ka tarar da su daga Rurum zuwa Rano, har Kibiya. Amma tushen ilimin da ke hannun dattawan sana'ar yana Kaduna, a unguwar Kakuri.

A can ne kamfanin Peugeot, wato Fijo, ya fara harhaɗa motoci a 1975. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso kayan daga Liyon ta ƙasar Faransa, a sauke a filin jirgin Kano, sannan manyan motoci su wuce da su Kaduna ta hanyar Zariya. Gwamnati ta mai da Fijo motar aikinta, 'yan kasuwa da direbobin tasha suka bi sahu. Shekara guda kafin nan, a 1974, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina, ga ta nan kusa da Rurum. Noman rani ya kankama a Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da albasa da shinkafa suka nemi abin da zai kai su kasuwa. Akori-kura 404 da 504 suka ɗauki wannan nauyi, inda kuwa mota ta yawaita dole bakanike ya kafa rumfa.

Fijo ta yi wa masu koyo adalci. Ka buɗe bonet, komai a fili yake: ga kafireta, ga fulogi, ga lagireto. Oga zai ce wa direba, "Tayar mu ji." Ya sunkuya, ya dafa injin, ya kasa kunne. Kafin ya taɓa sifana ya riga ya san ko bawul ne ke kuka ko ringi ya cinye. Ya zare fulogi ya duba bakinsa: in ya yi baƙi ƙirin da toka, mai ya fi iska yawa; in ya jiƙe da baƙin mai, aikin ya kai ga sauke inji. Ba a littafi ya samu wannan ba, shekaru ya kwashe a ƙarƙashin mota.

Yaro kuma da wankin noti a cikin kwanon fetur yake farawa. Uba ne ke kawo shi ya danƙa, ya ce, "Ga amana nan." Sai ya daɗe yana miƙo sifana sha biyu da sha huɗu kafin a bar shi ya kwance birki shi kaɗai. A gefe ga mai walda, ga rewaya, ga mai faci, kowa da iyakarsa, ba mai shiga gonar wani. Ranar da yaron ya ƙware a yaye shi da addu'a, a haɗa masa 'yan kayan aiki.

Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. 'Yan Kwatano suka cika tituna, Golf da Toyota da Honda. An sayar da kamfanin na Kaduna ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. Makanikai ba su zauna jiran kowa ba. Suka koyi sababbin injuna da kansu, kasuwar Ƙofar Ruwa ta zama rumbunsu: a tura yaro Kano da tsohon ƙarfen a leda, ya gwada ya sayo irinsa. Da babura da injunan ban-ruwa suka yawaita, musamman bayan cire tallafin mai a 2023 da ya sa mutane da dama jingine motoci, su ne suka riƙe garejin karkara.

Abin da ke damuna shi ne motar yau ba ta faɗa wa kunne ciwonta. Ƙwaƙwalwa gare ta, sai an jona mata na'ura ta fito da lambobi a rubuce, a karanta a fassara. Ogan da ya yi shekara talatin yana aiki da gaskiya sai ka ga ya koma canki-canka, ya sauya wannan ya sauya wancan, kuɗin mai mota na zuba, mutuncinsa na raguwa. Ƙarshenta a ja motar zuwa Kano. Ba gazawarsa ba ce, ba wanda ya koya masa ne.

Gwamnatin Kano ta taɓa tura matasa, har da mata, koyon gyaran mota a cibiyar horaswa ta Peugeot a Kaduna. Irin wannan horo ya kamata ya iso Rano da Kibiya, a fara da iyayen gidan da ke da yara a hannu, ƙungiyarsu ta NATA ta haɗa kuɗi a sayi na'urar gwaji ko da guda ce a kowane gari. Ku kuma iyaye, in za ku kai yaro gareji, kada ku cire shi daga makaranta. Ya je aji da safe, ya zo wurin oga da yamma.