Titi a kan Jakara: Tambayoyin da mutanen lungu ke yi kafin katafila ta iso

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san ma'anar jan fenti. Ranar da aka wayi gari aka ga an shafa shi a katangar gida, ranar tuwon dare ba ya ciwuwa. Maigida zai shiga lalube a ƙasan akwati yana neman takardu, uwargida ta yi tagumi, yara kuma su fito lungu suna ƙirga taku nawa ne daga alamar zuwa ƙofar ɗakinsu. Titi ne zai wuce.

Mu a Zaitawa wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Tafiyar ƙafa ce daga lungunanmu zuwa Kasuwar Kurmi, a gefen kasuwar kuma Jakara take kwance. A kan wannan rafi aka tsara babban titin da ake kira Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda jama'a suka fi sani da titin Wuju-Wuju.

Me aka tsara?

Dabarar ita ce a gina wa ruwan Jakara babbar magudana ta siminti da rodi, a rufe samanta, sannan a shimfiɗa titi. Ruwa ya bi ƙasa, motoci su bi sama. Hanyar ta shafi ƙananan hukumomin Gwale da Dala da Birni da Fagge. An fara aikin a zango na biyu na mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, daga baya ya tsaya na tsawon shekaru. Bayan zaɓen 2023, Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka lokacin da aka fara, ya sake ɗauko maganar kammala shi.

Ku duba lissafin. Ɗalibin da yanzu yake aji uku na babbar sakandare, ko firamare bai yi nisa a ciki ba lokacin da aka fara haƙa.

Jakara ba lambatu ba ce tun asali

A yau idan aka ce Jakara, abin da ke zuwa a rai shi ne baƙin ruwa, leda da wari. Amma tarihin sarakunan Kano ya ambaci Jakara tun kafin Musulunci ya kafu a garin, lokacin da take ruwa a tsakiyar kurmi, mutanen Dala suna girmama wurin. Kusa da ita Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ita kanta unguwarmu ana danganta sunanta da Abdurrahman Zaite, jagoran malaman Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali. Ke nan titin zai ratsa wurin da garin ya fara zama gari, ba jeji ba.

Muryoyi uku

Idan ka zauna a majalisun da ke kusa da hanyar, ra'ayi iri uku za ka fi ji.

Na farko masu murna. Su ne waɗanda ruwa ke shigar wa gida duk watan Agusta, waɗanda sauro ya hana barci, da iyayen da hankalinsu ba ya kwanciya idan yaro ya fita wasa ana tsaka da ruwan sama. Akwai 'yan kasuwar da kayansu sai an sauke a nesa a ɗauko a baro. Akwai kuma wanda ya taɓa ganin an ɗauko mai naƙuda a hannu, saboda ko a-daidaita-sahu ba zai iya shiga lungun ba. Waɗannan ba ka da bakin ce musu titi ba shi da amfani.

Na biyu masu fargaba. Gidan cikin birni galibi gidan gado ne. Kaka ya gina, 'ya'ya suka raba ɗakuna, jikoki suka yi aure a ciki. Idan aka biya diyya, magada goma za su raba, kuma kason kowa ba lalle ya sayi fili ko a bayan gari ba. Wanda ya tashi ba gida kaɗai ya bari ba. Ya bar masallacinsa, makarantar allon 'ya'yansa, maƙwabcin da ke ba shi bashi, da ƙofar gidan da matarsa ke sayar da ƙosai. Ɗan haya kuwa sunansa ma ba ya cikin lissafi.

Na uku su ne waɗanda suka gaji. Ba su ƙi titi ba, rabin titi suka ƙi. Ramin da aka haƙa aka bari, da rodin da ya tsaya tsirara, da kwalbatin da shara ta toshe, sun fi tsohon rafin haɗari. Tambayarsu ɗaya ce: yaushe za a gama?

Akwai ma murya ta huɗu da ba a cika ji a birni ba. Ruwan Jakara ba a Fagge yake ƙarewa ba. Yana wucewa ta wajen Kwakwaci, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da alayyahu da shi, har ya dangana da madatsar ruwa ta Wasai. Rufe saman ruwa yana ɓoye ƙazanta ne, ba ya wanke ta. Abin da muka zuba a lambatu a nan, shi ke komowa mana cikin kwandon kayan miya.

Me doka ta ce?

Nan ne ya kamata kowane ɗalibi ya buɗe kunne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, irin su titi ko asibiti. Sashe na 29 kuma ya ce a biya diyyar abin da mutum ya ɗora a kan filin, wato gini da shuka da makamantansu. Shi ya sa ranar da masu kimantawa suka zo take da muhimmanci: ɗakin da ba a ƙirga ba, ko rijiyar da ba a rubuta ba, da wuya a biya su daga baya.

Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a biya diyya ba tare da jinkiri ba, kuma wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa kotu. Haka nan dokar 1992 ta tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta tanadi a yi nazari kafin manyan ayyuka, a kuma ba jama'a dama su faɗi ra'ayinsu. Ashe tambaya ba tsaurin ido ba ce, haƙƙi ne.

Darasi biyu

A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Mutane sun koka, amma bayan ƙasa ta riga ta zube. An gina sabuwa mai faɗi, motoci na wucewa, sai dai ginin da kakanni suka bari ya tafi ke nan.

A birnin Siyol na Koriya ta Kudu kuwa, an taɓa rufe wani rafi da ke tsakiyar gari, aka ɗora masa titi har da gadar sama. A 2003 suka fara rushe titin, a 2005 suka sake buɗe rafin, ya zama wurin shaƙatawa. Ba muna cewa Kano ta kwaikwaye su ba ne, halinmu da nasu ba ɗaya ba. Abin lura shi ne, shawarar da aka yanke a kan rafi takan bi jikoki.

Namu aikin

Wani zai ce, ina ruwan ɗan sakandare? A gidaje da yawa, kai ne ko ke ce mai karanta takardar Turanci. Ku taimaki iyaye su tattara takardun gida wuri guda, a yi musu kwafi. Ku ɗauki hoton kowane ɗaki da waya kafin a zo awo. Idan an kawo takarda, ku karanta ta ƙarshe kafin a sa hannu ko a dangwala. Idan mai unguwa ya kira taro, ku raka manya, ku zauna a baya da biro da littafi, ku rubuta abin da aka yi alkawari da ranar da aka faɗa.

Ga tambayoyin da suka cancanci amsa: Ina iyakar titin? Yaushe za a biya, kafin rusau ko bayansa? Ta ina ɗalibai za su riƙa tsallakawa? Wa zai riƙa yashe magudanar bayan an rufe ta? Me aka tanadar wa ɗan haya da mai tebur?

Sannan mu ma mu gyara namu. Ledar ruwan da muka jefa a lambatun ƙofar gida, a Jakara take kwana. Magudanar da aka rufe idan ta toshe, ta fi buɗaɗɗiya wuyar yashewa.

Injiniya ya san awo, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohuwar da ta shekara hamsin a bakin Jakara ta san ta inda ruwa ke fara ɓallewa idan aka yi mamako. A wannan mako, ku je ku gaishe da irinta a unguwarku, ku tambaye ta, ku rubuto mana abin da ta faɗa muku.