Harsashin .44 Magnum: Asalinsa da Amfaninsa

Kalmar harsashi aro ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta darma. To, amma darma ba ta tashi sai da albarushi, kuma a kan albarushin ne tarihin .44 Magnum ya kafu.

Wani maharbi Ba'amurke, Elmer Keith, ya daɗe yana ƙara wa harsashin .44 Special albarushi domin harbin manyan namun daji. A shekarar 1955 kamfanin Remington ya ƙera sabon harsashi, Smith & Wesson kuwa suka ƙera libarbar da za ta jure masa. Da gangan aka tsawaita kwansonsa da wajen milimita 3, don kada ya shiga tsohuwar bindiga ya tarwatsa ta a hannun mai ita.

Wasan sinimar Dirty Harry na 1971 ya sa aka ɗauke shi makamin 'yan sanda. Alhali kuwa ba su cika riƙe shi ba, domin ƙarfin turinsa yana jinkirta harbi na biyu, kuma yakan ratsa bango ya sami wanda bai ji ba bai gani ba. Saboda haka muhallinsa daji ne, wato farautar barewa da aladen daji.