Kashe Gobara da Gas: Ɗakin Ake Fara Dubawa

Na'urar kashe gobara da gas tukwane ne na ƙarfe da ake haɗawa da bututu zuwa rufin ɗaki, tare da na'urorin jin hayaƙi. Da wuta ta tashi, sai gas ya cika ɗakin ya kashe ta, bai jiƙa komai ba. An yi ta ne domin wuraren da ruwa zai ƙarasa ɓarnar da wuta ta fara, kamar ɗakin kwamfutoci, ma'ajiyar takardun kotu da na filaye, da ɗakin injinan banki. A Gaya da Ajingi, inda sola da janareta ke cike gurbin wutar KEDCO, ɗakin da wayoyi suka cunkushe shi ne abin tsoro. Buɗaɗɗen wuri kuwa ba na wannan na'ura ba ne. Gobara irin ta Kasuwar Sabon Gari a 2016 aikin ruwa ce da 'yan kwana-kwana.

Halon, wanda aka fi amfani da shi a da, an daina sarrafa shi bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Yanzu akwai FM-200, mai tsotse zafin wuta, wanda ke fita kaf cikin daƙiƙa 10. Akwai gaurayen naitirojin da agon, irin su Inergen, masu rage oksijin daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 12 ko 14, sai dai suna buƙatar tukwane da yawa. Kabon dayoksaid ya fi arha, amma adadin da ke kashe wuta, kashi 34 zuwa sama, yana kashe mutum ma, don haka ba a sa shi inda ake zama.

Yawan gas daga girman ɗaki ake lissafa shi. Ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin 4, tsayin 3 zai ci wajen kilo 33 na FM-200, idan aka nufi kashi 7 cikin ɗari. Idan saman silin a buɗe yake, shi ma yana cikin lissafi.

Babban aikin yana wajen toshe ɗakin. Ƙa'ida ita ce gas ya zauna aƙalla minti 10, don kada wutar ta farfaɗo. Ginin wannan yanki kuwa don shan iska ake yin sa: taga mai leɓe-leɓe, bulo mai huji a saman bango, ƙofar da ƙadangare ke wucewa ta ƙarƙashinta, da ramin da mai sa iyakwandishan ya fasa ya tafi abinsa. FM-200 ya fi iska nauyi, ta ƙasa yake zurarewa. Sai an liƙe waɗannan kafofi, an sa wa ƙofa abin da zai rufe ta da kanta, sannan a kafa wata fanka a bakin ƙofar a auna yoyon ɗakin. Ɗan kwangilar da bai ambaci wannan gwaji ba, tukwane kawai ya zo sayarwa. Kafa ɗaya ake bari da gangan, mai murfin da ke buɗewa idan matsin gas ya yi yawa, don kada silin ya ɗaga.

Ƙurar hunturu tana ruɗar na'urar jin hayaƙi. Shi ya sa ake jera layi biyu, gas ba ya fita sai duka sun amsa. Daga nan ƙararrawa ta yi kuka kamar daƙiƙa 30 mutane su fice, fanka da iyakwandishan su mutu. Allon da ke sarrafa wannan duka dole ya kasance da batirinsa.

Tukwanen ba sa son zafin da ya wuce digiri 54, abin da ɗakin kwano zai iya kusanta da bazara. Duk wata shida ake auna su, wadda nauyinta ya ragu da fiye da kashi 5 a sake cika ta. Tun kafin a biya kuɗi ake tambayar inda ake cikawar da kwanakin da za ta ɗauka, domin tukunyar da aka tafi da ita cikawa ta bar ɗakin ba tsaro har ta dawo. Batirin lityam kuma a ware masa ɗakinsa: gas na iya kashe harshen wutarsa, amma ba ya tsayar da zafin da ke ci a cikinsa.