Ɗan Agege Ya Taka Gonar Kakansa Cikin Marka

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san tambayar nan da yara kan yi: Baba, wai ina ne garinmu? Amsar ba ta cika wuce sunan gari da alkawarin sai baɗi in Allah ya kai mu ba. Wani dattijo mai sana'ar shanu a mayankar Oko-Oba ta Agege ya yi shekaru yana irin wannan alkawari, har ƙafa ta gaza masa. A watan Agusta na 2023 sai ya tashi ɗansa, saurayi ɗan shekara 24 haifaffen Ikko, ya ce ya tafi ƙauyensu da ke tsakanin Nguru da Gashuwa ya ga gonar gidansu da idonsa. Abokan yaron har tsiya suka yi masa, wai zai tafi ƙasar waje. Ba su yi ƙarya sosai ba, gama Yarbanci ya fi zama a bakinsa, Manganci kuwa ko gaisuwa bai iya ba.

Dalilin aiken ba yawon buɗe ido ba ne. Uban ya bar gida bayan farin 1973, ya bi shanu zuwa Kudu. Da fari ya sake dawowa a 1984, kakan ya ba wani maƙwabci aron gonar, bai daɗe ba ya rasu. Babu takarda, sai shaidu, shaidun kuwa saura biyu a raye. Aka zaɓi damina saboda da rani iska kan share iyaka, ƙasa ta zama fili guda. Sai shuka ta tashi ake gane inda fartanyar kowa ta tsaya.

Saurayin ya sauka a Nguru wurin ƙanen ubansa. Kafin su fita baffan ya kai shi tashar jirgin ƙasa, ya nuna masa inda dogo ya ƙare. Tun 1930 layin ya iso nan daga Kano, tafiyar wajen mil 140, shi ne kuma ya mai da tsohon mazaunin Galadiman Barno kasuwar gyaɗa da ƙaro da fata da shanu. A nan kakansa ya riƙa kawo gyaɗa a kan jaki, a nan kuma ubansa ya shiga taragon shanu da taguwa ɗaya. Yanzu shanu a tirela suke gangarawa.

Kashegari suka hau mota a hanyar Gashuwa, suka sauka a wata mararraba. Daga nan sai ƙafa, tafiyar mil biyar, don ko ɗan acaɓa ba ya yarda ya shiga da babur in marka ta zauna. Ba su yi nisa ba gabas ta haɗe. Iska ta fara zuwa da ƙura da sanyi, sa'an nan ruwa ya tsinke. Yaron ya buɗe lemar da ya taho da ita daga Ikko, nan take iska ta juye ta. Baffan ya yi dariya, ya zaro buhun taki daga jaka, ya cusa kusurwa ɗaya cikin ɗaya ya kifa masa a ka.

"Cire takalman nan, ɗan nan," in ji shi. "Nan ba Oshodi ba ne."

Mutumin Ikko ya san ruwa, har ya gaji da shi. Amma ruwan Ikko abin tsinuwa ne, mai cika kwata da tsayar da motoci. A nan kuwa damina wata uku ce da 'yan kai, abincin shekara kuma a cikinta yake, saboda haka ba wanda ya gudu. Sun wuce mata suna tsinkar tafasa a bakin hanya, sun wuce wani manomi yana maimai, ruwa na zuba a gadon bayansa, ya ɗago ya amsa musu barka da ruwa ya koma. Gero ya kai kafaɗa, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa. Jigawar da da rani ido ba ya iya kallonta don haske ta yi kore shar, rairayi ya tauri a ƙarƙashin ƙafa, kwaɗi kuwa sun cika kunne. Abin da ya fi ba saurayin mamaki shi ne wata babbar itaciya tsirara, ba ganye ko ɗaya, a tsakiyar gona. Ya ce ta mutu. Baffan ya ce a'a, gawo ke nan, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo, shi ya sa ba ya tsare wa shuka rana, kuma geron gindinsa ya fi na ko'ina kyau.

Da suka gangara fadama sai tafiya ta canza. Rairayi ya ƙare, laka baƙa mai santsi ta kama, yaron ya sha ƙasa sau biyu. Suka ratsa wani ɗan rafi da ruwa iya gwiwa. A hannun dama, inda baffan ya ce nan ne kakan ke shuka shinkafa, babu abin da ake gani sai kacalla, ciyawa mai tsawon da ya fi mutum, ta tafi iyakar ganin ido.

Mutanen wannan yanki sun san tarihinta sarai. A da kogin Haɗeja kan cika ya malale fadamu da damina, ya janye da kaka, ya bar danshi da kifi. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ambaliyar shekara ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gangarowa har da rani. Hanyoyin ruwan da suka saba bushewa suka daina, kacalla ta samu wurin zama ta toshe su. Ruwa mai yawa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru yana cin gonaki, wasu fadamun na wajen Gashuwa kuma suna jiransa bai zo ba. Tsuntsun jan-baki ma a cikinta yake kwana, da safe ya fito wa hatsi. A 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, amma manomin da kacalla ta cinye wa gona bai ga abin da wannan ya ƙara masa a rumbu ba. Rabin gadon saurayin dai, watau na fadama, ya riga ya tafi.

Sun shiga ƙauyen bayan azahar, jiƙe sharkaf. Wata tsohuwa, kishiyar kakarsa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne angon nawa? Ku mai da shi, ban son miji mai rawar ɗari." Ta hura masa wuta, ta kawo burabusko da miyar kuka. Dangi suka yi ta shigowa, har da wata gwaggo da ta taho daga ƙasar Gure a amalanke, ko da yake a watan nan an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli. Ita dai ta ce ba ta ga ƙofa a hanya ba.

Da la'asar ruwa ya koma yayyafi, aka fita gonar tudu: Bulama, da shaidun nan biyu, ɗaya ana riƙe da hannunsa, da ɗan maƙwabcin, wanda shi ke noma ta tun rasuwar ubansa. Ya tashi ya tarar ana nomanta a gidansu, bai taɓa jin kalmar aro ba, kuma ba a ga laifinsa ba da ransa ya ɓaci. Shekara 39 ba kwana 39 ba ce. Tsofaffin suka taka iyaka da ƙafa, daga wani gawo zuwa kurmin goruba, daga nan zuwa layin gamba da kakan ya dasa. Nan gardama ta tashi a kan kunya shida na gero da suka tsallake gamba. Aka daɗe. Saurayin bai fahimci rabin abin da ake faɗa ba, don in magana ta yi zafi Manganci ake komawa.

A ƙarshe Bulama ya yanke: gona ta masu ita ce, manomi ya ci gaba da nomanta, kowace kaka ya kai dami biyu gidan baffan don kada a sake mantawa. Malamin makarantar ƙauyen ya rubuta, shaidu suka dangwala yatsa, yaron ya ɗauki hoton takardar da waya. Kunya shidan nan baffan ya ce an bar su.

Ba a samun layin waya a ƙauyen, sai bayan kwana uku da ya fita Gashuwa, inda kogin Yobe ya cika har mutane na tuna ambaliyar 2022, ya kira Agege. Ya fara karanta wa uban takardar, dattijon ya katse shi ya tambaya ko tsohuwar nan tana nan da bakinta, kuma nawa ake sayar da buhun gero a Nguru.