Ciwon Kan da Ba Ya Jiran Gobe

Duk wanda ya tashi a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji ya san sanƙarau. Da hunturu ya juya, ƙura ta tashi, zafin bazara ya kankama, in aka ce wane kansa na sarawa, wuyansa ya sanƙare, ga amai, kowa ya san sunan da za a kira. In da damina ce kuma, sai a ce masassara ce ta hau kai. Sau da yawa an yi daidai. Amma akwai wata cuta mai zuwa da waɗannan alamomi uku wadda ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, allurar sanƙarau ba ta taɓa ta, maganin masassara bai san da zamanta ba. Jijiyar jini ce ke fashewa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Abin da ya raba ta da sauran shi ne yadda take farawa. Sanƙarau da masassara sukan ɗauki sa'o'i ko kwanaki suna hawa, galibi da zafin jiki a gaba. Wannan kuwa, mutum na tsaye garau, yana ɗaga buhun gero ko yana alwala ko ana cikin hira, sai ciwon ya sare shi farat ɗaya, kafin minti guda ya kai maƙura. Waɗanda suka rayu suka ba da labari bakinsu kusan ɗaya ne: tunda aka haife su ba su taɓa jin irinsa ba.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, biyu ta gaban wuya, biyu ta cikin ƙashin wuya. Suna haɗuwa a ƙasan ƙwaƙwalwa su yi zobe, wanda likitan Ingila Thomas Willis ya yi bayaninsa tun 1664. Daga zoben nan rassa ke fita, kuma a mararrabar rassan ne bangon jijiya ke iya yin rauni. Bugun jini na shekara da shekaru sai ya riƙa tura wurin har ya kumbura ya yi ɗan ƙullutu mai wuya, kamar yadda tayar keke ke kumbura a inda roba ta siɗe. Yawancinsu ba su wuce 'yan milimita ba. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna kimanin mutum 3 cikin manya 100 suna yawo da irin wannan kumburi, kuma akasarinsu za su tsufa su rasu da wani dalili dabam ba tare da sun san da shi ba. Masu hawan jini da masu shan taba su suka fi shiga haɗarin fashewarsa, ya fi samun mata kaɗan, wani lokaci kuma yana bin dangi.

In ya fashe, jini ke kwarara cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wasu nan take suke faɗuwa, ba a kai ga asibiti ba. A dunƙule, kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa tsallake makonnin farko. Ga waɗanda suka tsira daga bugun farko, jini ya kan daskare ya toshe hudar na ɗan lokaci, kuma nan tarkon yake. Mutum ya farfaɗo, ya sha kunu, ya yi magana, dangi su ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi, a fasa tafiya asibiti. Toshiyar nan ba ta da ƙwari. Fashewa ta biyu ta fi ta farko kisa, kuma haɗarinta ya fi yawa a kwanan farko. Aikin da likitan ƙwaƙwalwa zai yi ba ya gyara ɓarnar da jinin farko ya riga ya yi, na biyun yake tarewa. Shi ya sa kwana ɗaya da aka ɓata ana jiran a ga yadda jiki zai yi yake da tsada haka.

Tun 1931 wani likita a Edinbura, Norman Dott, ya buɗe kan majinyaci ya naɗe kumburin da tsokar da ya yanko daga ƙafar majinyacin. A 1937 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fara matse wuyan kumburin da ɗan maƙallin azurfa. Aikin bai kai ga natsuwar da ake gani yau ba sai da Gazi Yaşargil, Baturke mai aiki a Zurik, ya shigo da madubin ƙara girma ɗakin tiyata a ƙarshen shekarun 1960. Ga yadda ake yi. Bayan an sa majinyaci barci, a kafe kansa kada ya motsa, a yanka fata ta bayan gashin goshi, a cire ɗan faifan ƙashi a gefen kai a ajiye. Ba a yanka ƙwaƙwalwar. Akwai tsagi na halitta tsakanin sassanta, ta nan likita ke bi a hankali yana zuƙe ruwa, yana raba siraran yana, idonsa a madubi, har ya tarar da jijiyar. Sai ya zagaye wuyan kumburin, ya tabbatar babu wani ƙaramin reshe da ya manne a bayansa, domin reshen da bai kai milimita ɗaya ba yana iya zama shi ke ciyar da wurin da ke motsa hannu ko harshe. Sannan ya saki maƙallin, wanda yanzu akan yi da titaniyam, ya rufe bakin kumburin ruf, jini ya ci gaba da bin hanyarsa. A mayar da ƙashi, a ɗinke. Maƙallin na nan a kai har ƙarshen rayuwa.

Hanya ta biyu ba a buɗe kai sam. A farkon shekarun 1990 Guido Guglielmi, ɗan Italiya mai aiki a Los Anjeles, ya fito da ita. Ana huda jijiya a gindin cinya ko a wuyan hannu, a tura siririn bututu ana kallonsa a allo har ya shiga cikin kumburin, sai a cusa lallausan zaren filatinam ya nannaɗe a ciki, jini ya daskare a kansa, wurin ya toshe. Wani babban gwaji da aka buga a 2002, kan majinyata 2,143 da hanyoyin biyu duk za su yi musu, ya gano cewa bayan shekara ɗaya kimanin kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka yi wa zare sun rasu ko sun nakasa, na waɗanda aka buɗe wa kai kuwa kimanin kashi 31. Tun daga nan Turai ta karkata ga zare. Sai dai kada wannan ya sa mutumin Cadawa ko Tsibiri ya raina aikin buɗe kai. Zaren na bukatar ɗaki na musamman da na'urar ɗaukar hoton jijiyoyi da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar, masu ɗan karen tsada, kuma irin ɗakunan nan ƙalilan ne a Afirka ta Yamma. Akwai ma kumburin da siffarsa ta fi dacewa da maƙalli. A ganina, ga mai ciwon da ke kwance yau, hanyar da za ta samu cikin kwana biyu ta fi wadda sai an nemi biza.

Ko an yi aiki lafiya, ba a fita daji ba tukuna. Daga kwana na 4 zuwa na 14 jijiyoyin da jinin ya kwanta a kansu sukan tsuke, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Saboda haka ake ba da maganin nimodipin har kwana 21. Wani kuma ruwa ke taruwa masa a kai, sai an sa bututu an rage. Dangi su san da wannan, kada su matsa a sallame su don majinyaci ya fara cin tuwo.

To, ina aikin yake, ina mu? Daga ƙauye sai ɗakin shan magani, sai cibiyar lafiya ta CSI, sai asibitin gunduma, sannan Maraɗi. Na'urar sikana, wadda ke nuna jini a kai cikin mintoci, aikin manyan asibitocin birni ce. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Nijar ba su da yawa, kuma cibiyarsu ta daɗe tana babban asibitin ƙasa na Yamai, inda Farfesa Samuila Sanoussi ya kasance cikin waɗanda suka kafa fannin. Daga Maraɗi zuwa can ya haura kilomita 600. A tsallaken iyaka akwai cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano. Tun 2002 wata cibiya a Rabat ta Maroko ke horar da matasan likitocin Afirka a wannan fanni. Hannaye na ƙaruwa, amma hanya ba ta ragu ba.

Abin da ke hannun mutanen gida shi ne a faɗa wa majo, wato ma'aikacin jinya, gaskiyar yadda ciwon ya fara. Bai isa a ce "kansa ke ciwo" ba. A ce: "Majo, lafiyarsa ƙalau, bayan la'asar ya dafe ƙeya ya yi ƙara, nan take ya yi amai, kuma jikinsa ba zafi." Wannan bayani kaɗai na iya sauya takardar da za a rubuta. Inda ba sikana, likita ya kan ɗebi ruwan ƙashin baya, gwajin da ma'aikatan yankinmu suka saba da shi saboda sanƙarau. Ruwan mai lafiya garau yake fita. Na sanƙarau ya kan yi gurɓi-gurɓi. Na fashewar jijiya kuwa ja ne daga kwalbar farko har ta ƙarshe, in an kwana kuma ya koma ruwan ɗorawa. Kafin a isa can, kada a saya masa asfirin ko makamantansa wurin mai tallar ƙwayoyi, domin suna hana jini daskarewa. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa ko rubutu, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya. Addu'a a yi ta a cikin mota. Wata alama kuma da ba a san darajarta ba: fatar ido ɗaya ta faɗi haka kawai, da ciwo a bayan idon, ƙwayar idon ta buɗe, mutum na ganin abu biyu. Yana iya zama kumburi ne ya girma ya danne jijiyar ido kafin ya fashe. Wanda aka kai a wannan mataki ya fi kowa sa'a.

Fashewar kumburi kaso kaɗan ce, wajen 5 cikin 100, na abin da ke shanye ɓarin jiki. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya nuna kusan kashi biyu cikin uku toshewar jijiya ce, ragowar zubar jini. Da ido ba a raba su, maganin ɗaya kuma guba ne ga ɗayan. Allurar narkar da gudan jini sai cikin awa huɗu da rabi take aiki. Ga tsofaffi akwai wani nau'i mai sauƙin gyara da ake yawan dangantawa da rikicin tsufa: dattijo ya faɗi daga amalanke ko ya bugi ƙofa, a manta, bayan makonni ya fara ruɗewa yana jan ƙafa. Jini ne ya taru a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta. Ƙaramar huda ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai ta ishe a zubar da shi, da yawa su koma gonarsu.

Binciken na SIREN ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na alhakin shanyewar jiki a kan hawan jini, abin da mutanen Maraɗi ke kira tansiyo. Awonsa ba ya cin minti biyar a CSI. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, magani ya kama, tare da rage gishiri da dunƙule da kanwa, da barin taba ta zuƙa da ta leɓe. Matsalar da ma'aikatan lafiya suka fi kuka da ita ita ce a sha na wata guda, a ji daɗin jiki, a ajiye. Hawan jini ba ya ciwo, don haka jin daɗin jiki ba ya nuna ya sauka, sai awo. Wanda kuma 'yan'uwansa biyu na jini, iyaye ko 'yan ɗaki ɗaya, suka taɓa samun fashewar jijiya a kai, ya faɗa wa likita tun yana lafiya, domin irinsu ne ake shawartar a ɗauki hoton jijiyoyinsu.